Bututun Rubens: Yadda Harshen Wuta Ke Nuna Sauti

Jama'a, na gaba ku ɗan ja da baya, domin wuta za mu kunna.

Wannan bututun ƙarfe da ke gabanku, Bajamushe Heinrich Rubens ne ya fito da irinsa a 1905. Nasa tsawon mita 4 ne. Wannan kuwa mita ɗaya da rabi ne. An jera huji a samansa, faɗin kowane milimita 1.5, tsakanin ɗaya da ɗaya santimita 2. Baki ɗaya an toshe shi da ƙarfe, ɗayan an ɗaure masa robar balan-balan, lasifika na jingine da ita. Gas ɗin girki ne ke shiga ta tiyo daga tukunya.

Kun ga harsunan wutar duk kansu ɗaya. To, bari a saki sauti. Sautin yana tafiya ya bugi murfin can, ya dawo, ya ci karo da mai zuwa. Sauti kamar igiyar ruwa yake tafiya; in tsawon igiyar ya dace da na bututun, sai igiyar ta tsaya cak: wasu wurare matsin gas na hawa da sauka da ƙarfi, wasu wuraren shiru. Shi ya sa kuke ganin tudu da kwari. Daga kan tudu zuwa na gaba rabin tsawon igiyar ke nan.

Ga lissafin, kuma nan ɗalibai ke yawan faɗuwa. Kada ku ɗauki mita 343 a daƙiƙa, wannan gudun sauti ne a iska. A cikin furofen, wato nau'in gas ɗin girkin da ke cikin bututun, bai fi mita 250 da 'yan kai ba. Sauti mai girgiza 500 a daƙiƙa, tsawonsa kusan rabin mita ne, saboda haka tudu zai fito duk bayan santimita 25. Ku ƙirga, shida ne.

Kafin a ƙyasta ashana, a bar gas ya kori iskar da ke ciki, tagogi a buɗe; in ya gauraya da iska, wutar na iya komawa ciki. A shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, kumfa na nufin yoyo. Bututun roba narkewa yake, kada ma a fara. A goge kaifin da abin huji ya bari, in ba haka ba wutar za ta fito bambarakwai tun ba a saki sauti ba. Fanka a kashe ta. In gas ya yi yawa tudun ya ɓace, sai a rage. Bayan 'yan mintoci a rufe tukunya, ƙarfen ya huce, kafin zafi ya cinye balan-balan ɗin.