Madabod Nagari Shi Ne Wanda Za Ka Manta Da Shi: Lacca Ga Masu Haɗa Kwamfutar Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa. Abin da aka ce in yi magana a kai yau shi ne yadda mutum zai zaɓi madabod idan ya tashi haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, wato babban allon nan da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) da katin hoto da ma'ajiyar bayanai duk suke zaune a kansa. Tun daga farko bari in faɗa muku inda na dosa. Ni abin da nake nema a wajen madabod shi ne in ɗaure shi a cikin akwati, in rufe, in manta da shi. In na danna maɓalli kwamfuta ta tashi, in na bar ta tana aiki cikin dare in wayi gari in same ta yadda na bar ta. Duk sauran abubuwan da ake zanawa a bayan kwali suna biyo bayan wannan ne.

Dalilin da ya sa nake nauyaya wannan magana shi ne, madabod marar lafiya ba ya mutuwa a lokaci guda ka huta. Wahalar da kai yake yi. Yau kwamfuta ta daskare kana tsakiyar rubutu, gobe ta kashe kanta ta sake tashi, jibi shuɗin saƙon kuskure ya cika fuskar kwamfuta. Sai ka zargi Windows ka sake ɗora ta, ka zargi RAM ka canza, matsala tana nan. Kuma a duk kayan cikin kwamfuta babu mai wuyar sauyawa kamarsa, don sai ka kwance komai kafin ka kai gare shi.

To, ba da madabod ake farawa ba. Furosesa ake fara zaɓa, shi zai gaya maka soket ɗin da za ka nema, wato mazaunin furosesa a jikin allon. A ɓangaren Intel, soket LGA1700 da ya fito a 2021 yana ɗaukar furosesa na ƙarni na 12 da 13 da 14, sannan a 2024 aka kawo LGA1851 don Core Ultra 200S, kuma na wancan ba ya shiga wannan. A ɓangaren AMD akwai AM4 da ya fito tun 2016 ya daɗe ana cin moriyarsa, sai AM5 da ya zo a 2022 tare da Ryzen 7000. AM4 da RAM nau'in DDR4 yake aiki, AM5 kuwa DDR5 kaɗai. LGA1700 ne ake yawan kuskure a kansa, domin akwai allunan DDR4 akwai na DDR5, kuma yankan da ke jikin sandunan RAM ɗin ba wuri ɗaya yake ba, ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. Ku karanta sunan allon har ƙarshe kafin ku biya.

Cifset kuma, wato ɗan guntun da ke kula da ramuka da ƙofofin allon, ba zan daɗe a kansa ba. Harafin farko yana nuna matsayi: H610 da A620 na ƙasa, B760 da B650 na tsakiya, Z790 da X670 na sama. Na sama yana ba ka ƙarin ramuka da ƙarin damar taɓa saiti, amma ba ya sa kwamfuta ta fi zama lafiya. Ga mai aikin gida, ra'ayina na tsakiyar ya wadatar.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, wato wuta. Akwatin wutar kwamfuta yana turo bolt 12 ta wayar nan mai fil 8 da ake sokawa a saman allo. Furosesa kuwa ba ya cin bolt 12, abin da yake buƙata bai wuce bolt ɗaya da ɗan wani abu ba. Aikin sauko da wutar nan yana hannun wani sashe da ake kira VRM, waɗancan ƙananan dunƙulallun abubuwa da kuke gani jere a gefen soket da samansa. Mu ɗan yi lissafi tare. Furosesan da ke jan wat 200 a kan bolt 1.25, amfiya 160 ke nan ke ratsa wannan ɗan wurin. Kuma buƙatar ba a tsaye take ba, yanzu yana hutawa, kafin ƙiftawar ido ya nemi komai. Dole VRM ya amsa nan take ba tare da wutar ta faɗi ko ta zarce ba. In ta faɗi, kwamfuta ta daskare. In kayan suka yi zafi fiye da kima, allon da kansa zai rage wa furosesa gudu don ya ceci kansa, sai ka ga ka sayi mai tsada yana aiki kamar mai araha.

Ana raba wannan aiki ne zuwa layuka da yawa, kamar ƙatti da ke karɓa-karɓa wajen ɗaukar kaya mai nauyi, kowa ya ɗauka ya miƙa wa na gaba kafin ya gaji. Shi ya sa kuke ganin ana rubuta 8+2 ko 14+2 a talla. Amma kada yawan lamba ya ruɗe ku, domin kamfanoni ba hanya ɗaya suke ƙirgawa ba, kuma layi takwas masu ƙarfi sun fi goma sha biyu raunana. Abin da idonka zai iya tantancewa shi ne ƙarfen sanyaya. Shin akwai ƙarfe mai kauri, mai tsaga-tsaga, a kan VRM ɗin, ko kayan a tsirara suke? Allon da babu ƙarfen nan yana iya riƙe ƙaramin furosesa mai wat 65 lafiya lau, ban ce a guje shi ba. Laifin shi ne a ɗora masa irin Core i9-13900K, wanda Intel da kanta ta rubuta yana kaiwa wat 253. Soket zai karɓe shi, kwamfuta za ta tashi, amma ranar aiki mai nauyi za a ji a jika. Sannan ku nemi gwajin masu zaman kansu da suka auna zafin VRM na ainihin allon da kuke so, ba na yayansa mai kama da suna ba.

Dattawan cikinmu za su tuna shekarun farkon 2000, lokacin da kafasitoci, ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, suka riƙa kumbura suna tsiyaya a kan alluna na kamfanoni daban-daban saboda gurɓataccen ruwan da ke cikinsu. Yau galibin alluna sun koma kafasita marar ruwa, wannan ciwon ya yi sauƙi sosai. Wanda ya maye gurbinsa ba a ganinsa da ido, a cikin BIOS yake.

BIOS ita ce manhajar da ke zaune a jikin allon, ita ke yanke yawan wutar da za a ba furosesa da yadda za a tafiyar da RAM. Misali biyu sun isa. A 2023 an samu wasu furosesa na Ryzen 7000X3D suna ƙonewa a cikin soket saboda wutar wani sashe ta yi yawa, sai AMD ta ƙayyade ta a bolt 1.3, kuma ta hanyar sabunta BIOS gyaran ya isa ga mutane. A 2024 kuma Intel ta amsa cewa wasu furosesanta na ƙarni na 13 da 14 suna neman wuta fiye da kima har suna lalacewa a hankali. Ta fitar da gyara a watan Agusta da Satumba, ta ƙara garantin shekara biyu, shi ma gyaran ta BIOS ya bi. A lokacin ne kuma aka yi ta magana kan yadda alluna da yawa ke fitowa daga masana'anta da iyakar wuta a buɗe, sama da abin da Intel ta ba da shawara, don su yi fice a gwajin gudu. Kun ga ke nan, sabon allo fil daga kwali ba lallai ne yana kan saiti mafi aminci ba.

Saboda haka kafin ka sayi allo, shiga shafin kamfanin a intanet, ka buɗe wurin saukar da BIOS na wannan samfurin. Duba kwanan watan na ƙarshe. In ka ga ana sabuntawa a kai a kai, ana rubuta abin da aka gyara, to masu shi ba su yi watsi da shi ba. A nan ne kuma za ka ga jerin furosesan da yake ɗauka da BIOS ɗin da kowanne ke buƙata. Mutane da yawa sun haɗa Ryzen 5000 da allon B450 mai tsohon BIOS, suka kunna, shiru, alhali babu abin da ya lalace. Maganin wannan shi ne maɓallin nan na bayan allo da ke sabunta BIOS daga filas ko babu furosesa a ciki. ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte na kiransa Q-Flash Plus. Ni dai na fifita wannan ɗan maɓallin a kan duk fitilu masu launi da ake ƙawata alluna da su. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Haka kuma ba na son mutum ya yi rububin allon da ya fito makon jiya. A bar shi ya yi wasu watanni a hannun jama'a, a gano cututtukansa, a gyara.

Sai RAM. Gudun da kuke gani a jikin kwalinsa, galibi ba ya samuwa sai an kunna saitin ƙarin gudu da ake kira XMP ko EXPO a cikin BIOS, kuma wannan tura kaya ne sama da ma'aunin asali, ko da yake yawanci yana tafiya lafiya. Kowane allo yana da jerin RAM ɗin da kamfani ya gwada a kansa, ana kiransa QVL, ku zaɓa daga ciki in da hali. Sanda biyu da aka sayar tare sun fi huɗu zama lafiya, musamman a DDR5. AMD ta rubuta gudun 5200 ga Ryzen 7000 da sanda biyu, amma da huɗu 3600 kawai ta lamunta. A yawancin alluna masu rami huɗu, na biyu da na huɗu daga furosesa ake fara cikawa. In ka gama haɗawa, ka bar MemTest86, shirin gwada RAM, ya kwana yana gwaji. Kuskure ko ɗaya ya fito, rage gudun.

Sauran a taƙaice. Girman allo ya dace da akwati: ATX milimita 305 da 244, microATX 244 da 244, Mini-ITX 170 da 170. Ƙanƙanta ba rauni ba ce, ramuka ne dai ke raguwa. Ku karanta littafin bayani, don a wasu alluna in ka sa siririyar ma'ajiya a wani ramin M.2, wasu ƙofofin SATA, inda ake jona ma'ajiya mai waya, suna daina aiki. Ku nemi allo mai ƙananan fitilu huɗun nan na CPU da DRAM da VGA da BOOT, su ke nuna inda aka maƙale in ta ƙi tashi.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, Malam.

Tambayarsa ita ce, in an sayi allo mai kyau, ko za a iya tsimi a akwatin wuta? A'a, Malam, kada ka yi haka. VRM gyara abin da aka ba shi yake yi, in wutar da ke shigowa tana rawa, shi ma wahala zai sha, kuma da yawa daga laifin da ake ɗora wa madabod na akwatin wuta ne. Araha ba ta ado a wannan wurin.

Malama kuma tana tambaya kan allon da aka taɓa amfani da shi. Ana iya saya, Malama, amma da sharaɗi. A soket na Intel da na AM5, filolin a jikin allon suke, siraran gaske, dubu ɗaya da ɗari bakwai a LGA1700, dubu ɗaya da ɗari bakwai da goma sha takwas a AM5. Ki haska fitila ki duba su ta gefe, in ɗaya ya lanƙwashe za ki ga haskensa ya bambanta da na sauran. Ki duba bayan allon ko akwai wurin da ya yi duhu saboda zafi. Ki sa a kunna shi a gabanki, a gwada kowane ramin RAM ɗaya bayan ɗaya, da ƙofofin USB na baya. In agogonsa yana mantuwa duk lokacin da aka cire wuta, wannan ba komai ba ne, ƙaramin batirin nan CR2032 ne ya ƙare, sai a sauya shi. Amma in mai sayarwa ya ƙi yarda a gwada, ki bar masa kayansa.