Tankar yaƙi ta katako da ƙwarya: yadda muka haɗa T-55 a zauren gida

Assalamu alaikum jama'a. Wannan da kuke gani tana rarrafe a kan rairayin bayan gidanmu, nan ƙasar Gaya, tankar yaƙi ce, amma ta katako. Tsawon gangar jikinta mita ɗaya da 'yan santimita, in an haɗa da bututun igwar ya kai mita ɗaya da rabi. Mutum biyu ke ɗaukarta. Ƙanena ne riƙe da waya yana ɗauka, in kun ga hoton yana rawa, da shi za ku yi.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san motar kara da motar gwangwani. Mun fafe kara, mun yanka tsohon silifa mun yi taya, mun ja da zare har magariba. Wannan ma jikar waccan ce. Abin da ya raba su awo ne. Motar kara da ido ake yinta, duk yadda ta fito mota ce. Samfuri kuwa, kowane sashe nasa sai an raba girmansa na gaskiya da lamba ɗaya tak, daga taya har murfin da direba ke shiga. Ka bar lambar nan ko a wuri ɗaya, mai kallo zai ji wani abu ya karkace ko da bai san mene ne ba.

Masu wannan sana'a a duniya suna da lambobin da suka saba da su. Ɗaya bisa 35 ita ce ta fi yawa, kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa ta, tankar takan zauna a tafin hannu biyu. Ɗaya bisa 16 ita ce ta masu rimot, irin na Heng Long na ƙasar Sin. Sai babbar, ɗaya bisa 6, wadda wani kamfani a Ingila mai suna Armortek ke yi da ƙarfe zalla. Mu wannan babbar muka ɗauka, don a wurinmu ita ta fi sauƙi. Ƙaramin samfuri yana son ƙananan kayan da sai an yi odarsu. Babba kuwa, sarƙar keke da boris ɗin babur sun yi masa daidai.

T-55 muka zaɓa, ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wadda aka fara ƙerawa a 1958. Ita da yayarta T-54 babu tankar da aka ƙera da yawa kamarsu a tarihi, kuma sojojin Najeriya ma suna da ita, saboda haka hotunanta ba sa wahalar samu. Faɗinta ya ɗan haura mita 3 da kwata, tsayinta mita 2.4, tsawo da igwa mita 9. A raba da 6: faɗi santimita 55, tsayi 40, tsawo 150. Na rubuta waɗannan da gawayi a bangon zaure, har yanzu suna nan.

Ga wani lissafi da ya hana mu yin ta da ƙarfe. Ta gaskiyar tan 36 ce. In ka rage tsawo da faɗi da tsayi kowanne sau 6, nauyi yana raguwa ne sau 6 sau 6 sau 6, wato 216. Raba kilo 36,000 da 216, ka samu kusan kilo 167. Buhun siminti uku da ɗori ke nan. Wa zai fitar da ita daga zaure? Shi ya sa muka koma filawud.

Gangar jikin ba ta da wuya, ba zan daɗe a kanta ba. Akwati ne. Filawud mai kaurin milimita 12 a ƙasa da gefe biyu, mai 6 a sama, farin gam na kafintoci da sukuru, sai ƙananan katakai a kusurwoyin ciki. Gaban nan da ya kwanta, digiri 30 ne daga shimfiɗar ƙasa, ku auna shi da kyau don shi ne fuskar tankar. Mun sayo filawud ɗin a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Kada arha ta ja ku ga allon garin katakon nan da ake matsewa, damina ɗaya zai kumbura kamar burodi a shayi. Kafin komai ku yanka samfurin da kwali, ku haɗa da salatif, ku tsaya nesa ku kalla. Kuskuren kwali ba ya cin kuɗi.

To, yanzu matso da wayar nan ƙasa. Nan ne aikin yake.

Tankata ta farko, sai da na gama jiki, na yi fenti, na zana lamba, yara suka cika ƙofar gida, sannan na tuna da ƙafa. Na yanko tsohuwar tayar babur na naɗa. Ta yi taku uku sarƙar ta zame ta kwanta gefe kamar maciji. Na mayar, ta sake zamewa. Wata biyu tana jingine a zaure kaji na kwana a ciki. Daga ƙasa ake fara tanka, ba daga sama ba, kuma kafin ka ɗora mata ko murfi ɗaya sai ƙasan ya yi tafiya shi kaɗai.

Sarƙar T-55 tana da faɗin santimita 58, a namu awon kusan 10 ke nan. Kowane gefe gaɓa 90 ne, tsakanin gaɓa da gaɓa milimita 137, wanda in an raba da 6 ya ba da kusan 23. Ita kuma sarƙar keke, tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, milimita 12.7. Gaɓa biyu sun ba da 25 da ɗan ɗigo. Kun ga sun kusa haɗuwa. Ranar da na gano haka ban yi barcin kirki ba.

Ga yadda ake yi. Kowane gefe layi biyu na sarƙar keke, a jere kamar titin jirgin ƙasa, tsawon kowane layi mita 2 da kaɗan. Sarƙar keke ɗaya ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, saboda haka sarƙa shida za ku nema. Tsofaffi sun isa, mun tsinto namu wajen masu gyaran keke a kasuwar Wudil ranar Juma'a, muka jiƙa su kwana biyu a kananzir. A kan layukan biyu ake ɗaure 'yan faranti, kowanne santimita 10 a tsawo, 2 da ɗan ɗori a faɗi. Mu da bututun ruwa na roba mai kauri muka yi su: a tsaga shi a tsaye, a gasa shi sama da garwashi har ya yi laushi, a danne tsakanin katako biyu ya huce. A fili ake wannan, iska na kaɗawa, kuma kada a bari ya kama wuta ko ya yi baƙi, hayaƙinsa guba ne. Faranti 80 kowane gefe, 160 ke nan, huda 320.

Hudar nan ita ce ke kashe mutane. Milimita ɗaya ta kauce a faranti goma, sarƙa ta fara tafiyar kaguwa. Na kai kukana wajen Baba maƙeri na bakin kasuwa. Ya juya farantin a hannu, ya ce, “Ɗana, kai da ido kake hudawa?” Na ce da rula nake aunawa, Baba. Ya ce rula sau 320 ai gajiya za ta yi. Ya yanko ɗan ƙarfe, ya lanƙwasa bakinsa, ya huda rami biyu. Ka zura faranti ya tokare, ka huda ta cikin ramin, ka cire, ka sa wani. Duka suka fito iri ɗaya kamar ƙwai. Ko sisi bai karɓa ba, sai dai ya ce in ta tashi a kawo ya gani.

Ƙaramin noti mai milimita 3 ne ke ratsa farantin ya shiga ramin sarƙar, rami ɗaya a sa, ɗaya a tsallake. To ramin da noti ya toshe, haƙorin da ke jan sarƙa ba zai shiga ba. Sai a samo faifan haƙora na bayan keke mai giya, babban cikinsu mai haƙori 28, a goge haƙori ɗaya a bar ɗaya, su koma 14. Dole adadin ya zama mai rabuwa biyu, in ba haka ba zagaye na biyu haƙori zai hau kan noti. Guda huɗu ake buƙata, bibbiyu a kowane gefe, kuma haƙoransu su daidaita kafin mai walda ya ɗana musu wuta. A T-55 mai jan yana baya. Tayar gaba ba ta ja, aikinta ɗame sarƙa, don haka ramin sandarta dogo muka yi, da noti mai turawa, a ƙara ko a sassauta.

Tayoyin ƙasa biyar ne kowane gefe, kowacce tagwaye, faɗinta santimita 13 da rabi. Filawud ne, muka naɗe bakinsu da robar tsohon tub, a tsakiya boris mai lamba 6201 wanda sanda mai milimita 12 ke shiga. Ku lura da wannan giɓin tsakanin taya ta farko da ta biyu, ya fi sauran faɗi. Ba kuskure ba ne. Da shi masana ke gane T-55 tun daga nesa, in ka jera su daidai wa daida ka yi wata tankar daban. Kuma ba ta da ƙananan tayoyi a sama, sarƙar a kan manyan take kwantawa ta ɗan yi lanƙwasa.

Abin da ke tuƙa ta injin waifa ne na mota, guda biyu, daga Ƙofar Ruwa. Yana da ƙarfi, ba ya gaggawa, juyi 40 zuwa 60 a minti, wanda da faifan nan ya ba mu kamar mita 18 a minti, tafiyar tsoho mai sanda. Tanka ba ta da sitiyari: ka tsayar da hagu ta juya hagu, ka mayar da ɗaya baya ɗaya gaba ta juya a inda take. Sai dai a yi hattara, a yawancin injin waifa waya ɗaya a jikin ƙarfensa take. Ka ɗaura biyu a kan ƙarfe ɗaya, ka juya wa ɗaya wuta, waya za ta yi hayaƙi nan take. Kowanne a ɗaure shi a kan katako, a sa fis kusa da batir. Batirin babur mai bolt 12 muke sa wa, da makunni biyu masu gaba da baya a ƙarshen doguwar waya. Rimot sai Allah Ya hore.

Kan tankar, wannan da ke juyawa, shi na fi so. Na T-55 zubi ne, kamar an kife kwano. Masu yi a Turai suna shan wahalar sassaƙa shi, mu kuwa a ɗakin Inna yake a rataye. Ta ce wallahi ba da ƙwaryar furarta ba, sai da na sayo tawa, mai baki santimita 40. Ƙwarya tana da saurin tsagewa, don haka muka liƙe cikinta da tsumma da farin gam hawa biyu. A waje muka kwaɓa garin katako da gam muka cike gaba ya ɗan yi tsini kamar ƙwai, ya bushe, muka bi da samfefa. Na taɓa gwada farin soson da ake sako rediyo a ciki, ina fesa fenti ya narke a gabana, ya zama kamar kakin zuma.

Igwar bututun wayar lantarki ne mai milimita 25, da ɗan guntu mafi kauri kusa da baki, kamar yadda yake a ta gaskiyar. Mun toshe shi da katako, ba ya harba komai, kuma kada wani ya ce zai sa masa abin fashewa. Kafin mu fito da ita waje sai da na je na gaishe da mai unguwa na nuna masa. Zamanin nan, abu mai kama da kayan soja ba a yawo da shi a bakin titi.

Gangunan man nan biyu na baya gwangwanin madarar gari ne. Gungumen da ke ƙarƙashinsu reshen darbejiya ne, don tankokin Sobiyet suna ɗaukar gungume saboda ranar da suka kafe a taɓo. Af, sunan ma da tankin ruwa ya samo asali: Turawan Ingila sun kira na farkon haka ne don ɓoye sirri, kafin su fito da su fagen daga a Faransa ranar 15 ga Satumba 1916.

Fenti hawa uku, har ciki, saboda gara da laima. Kore mai duhu, marar ƙyalli. In ya bushe, a dama jar ƙasa da ruwa da ɗan gam a shafa a tayoyi da ƙasan jiki, a goge da tsumma. Sauran ƙurar hunturu zai kawo kyauta.

Bari mu hau da ita kan tudun nan ku gani. Riƙe wayar da kyau. Ta hau, ta hau. Kun ji wannan ƙarar, ƙas-ƙas, daga hagu? Sarƙar ce ta saki, rairayi ya shiga tsakanin haƙora. Kashe, miƙo min sifana mai lamba 10.