Koci, Mai Kulob, ko Kasuwar Ƴan Wasa: Ina Kuɗin Suke Shiga?

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu kallo, musamman ƴan fada na Damagaram. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Birni ko Zango ko Garin Malam ranar da aka lallasa Manchester United ko Chelsea ya san yadda ake tashi. Alƙalin wasa bai gama hura usur ba, wani ya miƙe daga kan benci yana cewa a kori koci. Na kusa da shi ya ce mai kulob ne ya ƙi sakin kuɗi. Mai dafa shayi ya ajiye buta ya ce ai an zuba miliyoyi, tarkace aka kwaso. Haushin nan yana da dalili, amma adadin da muke gardama a kansa ba shi ne yake rubuce a littafin kulob ba. Bari mu bi sawun kuɗin.

Mu ɗauki Antony. A 2022 United ta saye shi daga Ajax a kan yuro miliyan 95. Yuro ɗaya sefa 656 ne idan an cike, wato mutum ɗaya ya ci sama da miliyar 62 na kuɗinmu. Kulob ba ya rubuta wannan kuɗi a matsayin asarar shekara guda. Raba shi ake yi a kan shekarun kwantiragi. Antony ya sa hannu na shekara 5, saboda haka kowace shekara ana zaftare miliyan 19. Kamar mai kabu-kabu ne da ya karɓi sabon babur: kowace shekara darajarsa tana raguwa a lissafi, ko ya yi aiki ko yana jingine a zaure. Bayan shekara 3, saura miliyan 38 a kan Antony. A 2025 Real Betis ta ɗauke shi a kan abin da bai wuce miliyan 25 ba. Giɓin da ke tsakani, fiye da miliyan 10, asara ce da ta faɗa kan littafin wannan shekarar kai tsaye. Idan kun ji ana cewa me ya hana a sayar da wane tunda ba ya taɓuka komai, amsar ke nan. Sayar da shi da wuri yana iya fin ajiye shi ciwo a takarda.

Sai albashi, wanda shi ne babban rami. Ɗan wasan da ke karɓar fam dubu 200 a sati yana cin fam miliyan 10.4 a shekara, fam miliyan 52 a shekara 5, ban da rabon dillalinsa. Ranar da ƙafarsa ta yi sanyi, kulob ɗin da ke sonsa ba zai iya wannan albashi ba, shi kuma ba zai yarda a rage masa ba, don haƙƙinsa ne a rubuce. Sai a koma ba da aro, uwar gidan tana cika wani kaso na albashin mutumin da ke buga wa wasu. Jadon Sancho ya zo United daga Dortmund a 2021, ya koma can aro, ya tafi Chelsea aro, ƙarshe Chelsea ta gwammace ta biya fam miliyan 5 ta mayar da shi da ta saye shi.

Chelsea ɗin ce ta ja wannan lissafi har ya kusa tsinkewa. Bayan Todd Boehly da abokan jarinsa sun sayi kulob a Mayun 2022, sun kashe sama da fam biliyan 1 cikin kasuwanni uku. Dabararsu doguwar kwantiragi. Enzo Fernández ya zo a kan yuro miliyan 121, aka ba shi shekara 8 da rabi, sai nauyinsa ya koma kamar miliyan 14 a shekara maimakon 24. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta toshe wannan ƙofa a 2023, ta ce ko shekara nawa aka rubuta, a kan 5 za a raba. A filin wasa kuwa, kakar 2022/23 Chelsea ta ƙare ta 12. An kori koci Tuchel a Satumba, an kori magajinsa Potter a Afrilu, an ɗauko Lampard ya riƙe ƙwarya. Ƴan wasa sun yi yawa har koci ba ya iya haɗa su atisaye ɗaya. Mutum 11 ne ke shiga fili, sauran suna zaune suna cin albashi suna ƙunƙuni.

Masu cewa mai kulob ya buɗe aljihu kawai, su san akwai shinge. Dokar da gasar Firimiya ta yi shekaru tana aiki da ita ta ce kada asarar kulob ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara 3. Ita ce ta ci Everton: an cire mata maki 10 a Nuwambar 2023, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, aka sake cire 2. Nottingham Forest ta rasa 4. UEFA kuma ta ce albashi da kuɗin saye da na dillalai kada su haura kashi 70 cikin 100 na abin da kulob ke samu. Ko mai kulob yana da rijiyar mai, ba zai zuba yadda ya ga dama ba.

Yanzu koci. Shi muke gani a bakin layi, shi kyamara ke haskawa, shi ya sa zagi ke sauka a kansa. Amma a yawancin manyan kulob daraktan wasanni ne ke saye, koci ya ba da shawara. Inda aka sakar wa koci kasuwa, ɓarnar tana fitowa bayan tafiyarsa. Ten Hag, lokacin yana kocin United, ya kawo yaran da ya sani tun Ajax: Antony, Lisandro Martínez, Onana. Ya ci kofin FA a Mayun 2024, aka ƙara masa kwantiragi a Yuli, aka yi masa sayayya ta kusan fam miliyan 200, sannan aka kore shi a Oktoba. Sallamarsa da mataimakansa ta ci fam miliyan 10.4, kuma an biya Sporting kafin ta saki kocinta Amorim ya gaje shi. Amorim ya iso da tsarin masu tsaron baya uku, tsarin da ke buƙatar ƴan gefe masu hawa da sauka duk tsawon fili, ya tarar da ƴan wasan da aka saya don wani salo dabam. Kafin a rufe kasuwar Janairu an ba da Antony da Rashford aro. United ta ƙare ta 15, ta sha kashi a hannun Tottenham a wasan ƙarshe na Europa, ta rasa kuɗin gasar Turai na kakar da ta biyo baya gaba ɗaya. Wanda ya ƙara wa mutum wa'adi a Yuli ya kore shi a Oktoba, shi ya kamata a fara tuhuma, kuma ba a benci yake zama ba.

Game da masu kulob, mu a ganinmu kukan magoya bayan United ya fi na kowa hujja. A 2005 iyalan Glazer na Amurka sun sayi kulob a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawansa bashi, suka ɗora bashin a wuyan kulob ɗin da a da ba a binsa komai. Ku ɗauka wani ya ci bashi ya sayi shago a Kasuwar Dole, ya ce cinikin shagon ne zai biya bashin da ruwansa, kuma ya riƙa ɗibar riba yana kai wa gida. Saye dai ana yi, amma da kuɗin da kulob ya samo da guminsa. Ga rufin Old Trafford yana yoyo, duniya ta ga ruwa na kwarara a 2024 ranar wasan Arsenal. Rabon United da kofin Firimiya tun 2013, shekarar da koci Ferguson ya ajiye aiki. A ranar 2 ga Mayun 2021 magoya baya sun kutsa cikin fili har aka ɗage wasa da Liverpool. A Jamus irin wannan ciniki yana da wuya, don dokar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin kulob.

Akwai masu iya kasuwar. Brighton ta ɗauko Caicedo daga Ekwado a 2021 a kan abin da bai kai fam miliyan 5 ba, ta sayar wa Chelsea a kan miliyan 115 bayan shekara 2 da rabi.

Abin da ya fi ƙona ran mai kallo shi ne sayar da ɗan gida, kuma lissafin nan ne ke jawo shi. Yaron da ya taso a makarantar kulob ba a saye shi ba, don haka babu komai a kansa a littafi. Duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa, kuma tana shiga a shekarar nan take, alhali kuɗin sabon da aka saya rarraba shi ake yi. Haka Chelsea ta rabu da Mason Mount da Conor Gallagher. Haka United ta saki McTominay zuwa Napoli a 2024, ya je ya ci gasar Serie A ta Italiya, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Ku sa ido a satin ƙarshe na Yuni, domin ranar 30 ga wata yawancin kulob ke rufe lissafin shekara. A irin wannan sati ne a 2024 Chelsea ta sayar wa Aston Villa Ian Maatsen a kan fam miliyan 37.5, ita kuma ta karɓi Omari Kellyman, yaro ɗan shekara 18 da bai buga wa Villa wasa 10 ba, a kan miliyan 19. Kowane ɓangare ya rubuta riba a take, ya tura biyan kuɗin zuwa shekaru masu zuwa.