Darasi: karanta hawa da saukar bugun zuciyar jinjiri lokacin naƙuda

To, ƙannena ungozomomi, ku matso kusa da takardar da na'urar auna bugun zuciyar jinjiri ke zana layi a kai. Ɗaura bel ɗin na'urar a cikin uwa kun iya, ba zan tsaya a kai ba. Amma kafin komai ku riƙe wuyan hannun uwar ku ƙirga bugun zuciyarta. In na'ura ta nuna 105, uwa mai zazzaɓin sauro ita ma 105, to zuciyarta kuke bi, ba ta ɗan ba.

Ga wannan takarda, bugu 140 a minti, yana tsakanin 110 da 160, madalla. Sai dai lambar kaɗai ba ta isa ba. Ku dubi layin, kun ga yana ta tsalle-tsalle kamar haƙoran zarto? Shi muke so. Ku zaɓi minti guda, santimita guda ke nan a takardarmu, inda ba ciwon naƙuda... a'a, ba nan ba, nan bugun ya faɗi, mu matsa gaba. Yauwa. Sama 146, ƙasa 134, tazara 12. Daga 5 zuwa 25 lafiya lau.

Yanzu ga mai wuyar. Layi ya kwanta sumul, tazara ba ta kai 5 ba. Kada ku firgita tukuna, jinjiri yana barci a ciki, kuma barcin bai cika wuce minti 40 zuwa 50 ba. Ku duba abin da aka ba uwar: maganin jijjiga, wato sulfat na magneziyom, da allurar ciwo irin su fetidin, duk suna kwantar da layi. Ku juya ta gefen hagu, ku auna tansiyo da zafin jiki, ku ƙirga sau nawa ciwon naƙuda ke zuwa. In ya wuce biyar a minti goma, a rufe ƙarin ruwan da ke ƙara naƙuda nan take.

Layin ya zarce minti 50 a kwance, ko yana kwance kuma yana faɗuwa bayan kowane ciwo? Ku kira lokotoro, alamar ƙarancin iska ce. Haka in layin ya koma lanƙwasa mai santsi iri ɗaya, kamar tafiyar maciji, sama da minti 30. Wannan galibi jinin ɗan ne ya yi ƙasa ƙwarai.

Ku da ke ƙauyukan Madarunfa da Dakoro da ƙahon saurare ko Doppler, ƙaramar na'urar sauraren bugu ta hannu, wannan tsallen ba ya aunuwa da kunne. Ku saurara minti guda cur, daga cikin ciwo har daƙiƙa 30 bayansa, kowane minti 15 zuwa 30, in ta fara nishi kowane minti biyar. Ƙasa da 110 ko sama da 160 bai gyaru ba, ku rubuta lokacin, ku turo ta Maradi.