Adon biskit ɗin sukari: daga kwaɓi zuwa taron zane a gida

Jama'a masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Biskit ɗin da kuke gani a kan wannan faranti, mai siffar tauraro da fure da jinjirin wata, shi ne ake kira biskit ɗin sukari. Ana danganta asalinsa da garin Nazareth da ke jihar Pennsylvania a Amurka, inda wasu Kiristoci masu magana da Jamusanci, mabiya ɗarikar Moraviya, suka zauna a tsakiyar ƙarni na 18. A can Amurka, musamman a watan Disamba lokacin Kirsimeti, al'ada ce uwar gida ta gasa biskit da yawa, ta gayyato 'yan uwa da maƙwabta tare da yaransu, kowa ya zauna ya yi wa nasa ado ya tafi da shi gida. Ana iya shirya irin wannan zama a kowane gida, da sallah ko da hutun makaranta, matuƙar an kula da kaurin ruwan adon da lokacin da yake ɗauka kafin ya bushe.

Ga kwaɓin da zai ba da biskit kusan talatin masu matsakaicin girma: bota giram 225, sukari giram 200, ƙwai ɗaya, fulawa giram 375, rabin ƙaramin cokali na bakin hoda, ɗan gishiri da ɗan ƙamshin banila. A haɗa bota da sukari har su haɗe kawai, kada a yi ta bugawa kamar za a yi kek, domin iskar da ta shiga kwaɓin ita ce take sa biskit ya baje a cikin oba, tauraro ya fito ba kusurwa. A murza kwaɓin tsakanin takardun gashi biyu har kaurinsa ya kai milimita 6, a sa a firji na sa'a guda, sannan a yanka. A garuruwanmu masu zafi bota tana narkewa tun tana hannu, saboda haka ya fi kyau a mayar da yankakken biskit cikin firji na minti 10 kafin a gasa shi. Ana gashin a zafin digiri 175 na ma'aunin Salshiyas, tsawon minti 9 zuwa 12, kuma a fitar da shi tun gefensa bai yi ja ba.

Masu kula da halal su duba kwalbar banila kafin su saya, domin dokar Amurka ta tanadi cewa tsantsar ruwan banila ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin 100. Akwai garin banila da wasu nau'o'in da ba su da barasa. Haka nan jar kala mai lamba E120 daga wani ƙwaro ake samo ta, kuma wasu ƙananan alewoyin yayyafawa suna ɗauke da jelatin, wani sinadari da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi.

Yanzu sai ruwan adon, wanda a nan ne aikin yake. Ana yinsa da garin sukari mai laushi na kek giram 450, da farin ƙwai uku, da ƙaramin cokali ɗaya na ruwan lemun tsami. Tun da wannan haɗi ba ya ganin wuta, ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, wadda ta fi haɗari ga ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi. Don haka idan na taro ne, a nemi garin farin ƙwai da ake sayarwa a shagunan kayan kek, a sa babban cokali uku nasa da babban cokali shida na ruwa a madadin ɗanyen ƙwan. A tankaɗe sukarin da rariya mai laushi. Sukarin da aka niƙa a gida ba ya kai na kanti laushi, tsakuwarsa ce take toshe bakin ledar da ake matso adon da ita ana tsakiyar zane. A kuma tabbatar kwanon ba maiƙo ko kaɗan, kuma ko ɗigon gwaiduwa bai faɗa ciki ba, domin mai yana hana haɗin ƙamewa yadda ya kamata.

Daga wannan kwano ɗaya za a fitar da kauri iri biyu. Na farko mai kauri ne, wanda idan aka ɗaga cokali yakan tsaya da ɗan tsini da ke lanƙwasa, shi ake zagaye gefen biskit da shi. Na biyu shi ne na cike tsakiya, kuma ana samunsa ta ƙara ruwa ɗigo-ɗigo. Ku dubi yadda ake gwada shi: a ja wuƙa a tsakiyar kwanon, sannan a fara ƙirga. Idan layin ya shafe tsakanin daƙiƙa 10 zuwa 15, ya yi daidai. Idan ya ɓace cikin daƙiƙa biyar, ruwa ya yi yawa kuma zai tsallake gefe ya zube, sai a ƙara sukari. Idan an kai ashirin yana nan, saman biskit ba zai kwanta sumul ba. A ganina, wanda ya ƙware a wannan gwaji ya fi wanda ya tara kayan aiki masu tsada.

Duk wadda ta taɓa riƙe ledar lalle ta riga ta san rabin aikin hannun: a datse bakin ledar kaɗan, a matsa daga sama da ƙarfi bai ɗaya, a ɗaga bakin kaɗan daga kan biskit, a bar zaren ya sauka da kansa. Bayan an zagaye gefe, a cike tsakiya, a ɗauki tsinken sakace a tura ruwan zuwa kusurwoyi, a fasa 'yan kumfar da suka taso. Idan aka ɗiga wata kala a kai tun farar ba ta bushe ba, sannan aka ja tsinken ta tsakiyar ɗigon, sai ga siffar zuciya ko ganye ta fito a shafe. Idan kuma ana son rubutu ya fito ɓaro-ɓaro a sama, dole a jira ƙasan ya ƙame tukuna. Kala mai kauri ta fi ta ruwa, domin ba ta sauya kaurin da aka sha wahalar daidaitawa. Ja da baƙi sukan ƙara duhu bayan 'yan sa'o'i, saboda haka a haɗa su tun da wuri, kada a yi ta zuba kala har ɗaci ya shiga.

Bushewa takan ɗauki sa'a 6 zuwa 8, wani lokaci kwana guda, kuma yanayi ne yake yanke hukunci. Da hunturu, lokacin da iska take bushe, ruwan adon yakan yi ɓawo a cikin kwano cikin mintuna kaɗan, sai an rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma kare tiren daga ƙura. Da damina kuwa, laima takan ja lokacin, har kala mai duhu ta riƙa malalawa cikin fara. Maganin wannan shi ne a kunna fanka a hankali ta fuskanci tiren. Kada a sa biskit mai ado a firji, domin idan aka fito da shi gumi yakan kwanta a kansa ya ɓata zanen.

Wannan lissafin lokaci shi ne zai tsara taron. A gasa biskit jajibirin ranar, domin biskit mai ɗumi yana narkar da ado. A ware wa kowane baƙo guda huɗu zuwa shida, a ƙara wasu saboda masu karyewa da waɗanda yara za su cinye tun ba a fara ba. Kala huɗu ko biyar sun wadatar, a zuba kowace a leda biyu, a ɗaure ƙarshensu da roba, a tsayar da su cikin kofi mai jiƙaƙƙiyar takarda a ƙasa don kada bakin ya toshe. Ga yara 'yan ƙasa da shekara shida, ya fi sauƙi uwar gida ta shafe biskit ɗinsu da farin ado tun daren jajibirin taron, washegari su yi zane a kan busasshe da alƙalamin kalar abinci. A shimfiɗa leda a kan teburi ko tabarma, a ba kowa faranti da tsinke, kuma tun wajen gayyata a tambayi iyaye ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar ƙwai, madara, alkama ko gyaɗa. A tanadi wani abu mai gishiri da ruwan sha, domin zaƙin yakan gundiri mutum da wuri.

A fara zanen da zarar baƙi sun hallara, a yi hira da ciye-ciye daga baya, ta yadda adon zai samu aƙalla sa'a guda ya yi ɓawo. Ko da haka cikinsa bai bushe ba, saboda haka kowane baƙo ya tafi da nasa a shimfiɗe cikin kwali mai faɗi, ba tare da an ɗora wani a kan wani ba. Idan ya kwana ya ƙame sosai, sai a jera shi a mazubi mai murfi, da takarda tsakanin kowane layi, inda zai iya kai mako guda bai yi laushi ba.