Cocin Kilpeck, ginin da talauci ya tsare

Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma. Yau zan kai ku Kilpeck, wani ɗan ƙauye a yankin Herefordshire da ke yammacin Ingila, dab da iyakar Wales. Cocin ƙauyen an gina shi ne wajen 1140, wato shekara 70 da 'yan kai bayan mutanen Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Gidan sarautar garin ne ya ɗauki nauyin aikin, ga kufan fadarsu nan kusa da cocin har yau.

Ginin ƙarami ne, na jan dutse, kashi uku: zauren masu ibada, wurin limaman coci, sai ƙuryar gabas mai siffar rabin ƙwarya. Bango kauri, tagogi 'yan tsukakku. Saman ƙofa kuwa zagayayye ne, abin da maginanmu ke kira baka. Salon Normandi ke nan. Baka mai tsini sai daga baya ta shigo.

To, amma abin kallo yana ƙofar kudu. Masassaƙa sun cika ginshiƙanta da macizai, wannan ya kama wutsiyar wancan, ga mayaƙa biyu sun sarƙe cikin rassa, a sama kuma itace ɗauke da 'ya'ya. Ku ɗaga kai ƙarƙashin rufi, za ku ga duwatsu sama da 80 jere, kowanne da surarsa: kare da zomo kafaɗa da kafaɗa, mai goge, sai wata mata da ba zan siffanta ba, akwai dattawa a zauren nan. A ganina masassaƙan sun ɗan yi raha, kuma ba wanda ya hana su.

Me ya sa duk wannan bai ɓace ba? Garuruwan da suka kuɗance da cinikin gashin tumaki, irin su Lavenham da ke gabashin Ingila, sun sake gina cocinsu a ƙarni na 15, da dogayen hasumiyoyi da manyan tagogi. Kilpeck kuwa baya ya yi ta ci. Fadar ta zama kango, annobar 1349 ta bi ƙasar, kasuwa ta mutu, jama'a suka ragu. Wa zai rushe gini alhali ba shi da kuɗin tayar da wani? Haka aka bar shi, ana ɗan yaɓe inda ya tsage.

A kunna mana hoton ƙofar kudun, mu bi macizan ɗaya bayan ɗaya.