Gishiri Bai Gaji Halin Iyayensa Ba

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, barkanmu da war haka.

Ku dubi tafin hannuna. Gishiri ne, kowa a nan ya ci shi yau a miya. Sinadarai biyu na asali suka haife shi, kuma babu wanda za ka iya kai wa baki a cikinsu. Na farko sodiyam, ƙarfe mai laushi da wuƙa ke yankawa kamar sabulu. Ka jefa ɗan gutsurensa cikin ruwa, sai ya yi ta zarya a sama yana huci, wani lokaci har ya kama da wuta. Humphry Davy ne ya fara ware shi a Ingila a 1807, da ƙarfin batir. Na biyu kulorin, iska mai shaƙe mutum, wadda sojojin Jamus suka saki a fagen daga a Beljiyam a 1915.

Mun saba cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, a nan karin maganar ba ta ci ba. Kowace ƙwayar zarra ta sodiyam tana miƙa wa ta kulorin elektiron guda, wato ɗan ƙanƙanin ɓangaren zarra mai ɗauke da lantarki, su ƙulle da juna, a sami sabon abu mai halinsa na kansa. Wannan ba cakuda ba ce irin ta gero da tsakuwa, da za ka zauna da faifai ka rairaye.

Kuma haɗin yana da ma'auni da ba ya kuskure. Ruwa, na rijiya ne ko na Kogin Kwara, haɗin iska biyu ne: nauyi 1 na haidirojin ne ke riƙe da nauyi 8 na oksijin.

Abin da ya fi damuna shi ne gawayi, don haka ku saurara da kyau. In kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, yana ƙonewa ya sami isasshiyar iska, zarra ɗaya tana ɗaukar oksijin biyu, a sami irin iskar da muke fitarwa a numfashi. In iska ta yi ƙaranci, kamar kaskon wuta a rufaffen ɗaki da hunturu, ko janareto a cikin soro, oksijin ɗaya kawai zarrar kabon take samu, sai a sami wata iska daban. Wannan iskar ba launi, ba wari, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da 200. Mutum ya fara jin ciwon kai da jiri, ya ce gajiya ce, ya ƙara jan bargo. Haka ake wayar gari a tarar da iyali guda ba wanda ya motsa.